Lamba 15, daga gidajen hatimi har ɗakin binciken IBM

In aka ce a zaɓi lamba ɗaya a yi mata binciken ƙwaƙwaf, yawanci hankalin mutane kan manyan lambobi yake tafiya, masu jerin sifili a baya, ko kuma irin su 7 da 99 da 313 da muka saba ji a wajen wa'azi. Ni kuwa 15 na ɗauko. Sha biyar dai da kowa ya sani, wadda ɗan aji biyu na firamare yake ƙirgawa da yatsu. Dalilina shi ne, sau da yawa idan wani tsari na lissafi ya taho yana tafiya lafiya lau to a kan 15 yake fara tuntuɓe, kuma wanda ya ƙirƙiro sabuwar dabara ita yake fara kamawa ya gwada, saboda ita ce mafi ƙanƙantar lambar da ba ta da sauƙin kai.

Katin shaidarta

Mara ce, ba cika ba, wato wutiri ce ba shafa'i ba. Lambobi huɗu ne kawai suke raba ta ba saura: 1, 3, 5 da ita kanta 15. Don haka ba ta cikin lambobin da ake kira firam, waɗanda ba abin da ke raba su sai 1 da su kansu. Ita haɗin firam biyu ce, 3 sau 5. To a nan abu na farko yake: bi lambobin mara ɗaya bayan ɗaya, 3 firam ce, 5 firam, 7 firam, 9 tana rabuwa amma 3 ce kawai ta ninka kanta, 11 da 13 firam, sai 15. Ita ce ta farko a mara da aka gina da firam biyu daban-daban. Ka riƙe wannan, zai dawo mana a gaba.

Akwai wani tsohon rabo da Girkawa suka yi wa lambobi, malaman hisabi na Larabawa suka gada. A tara duk masu raba lamba banda ita kanta, in jimillar ta yi daidai da lambar to kammalalliya ce, kamar 6 da 28, in ta wuce to mai rara ce kamar 12, in ba ta kai ba mai naƙasa ce. Na 15 su ne 1 da 3 da 5, jimilla 9, ba ta kai ba, mai naƙasa ce kenan. Ba wani abin kunya ba ne, duk lambobin mara haka suke har sai an je 945, wadda ita ce mara ta farko mai rara, kuma ita ma 15 sau 63 ce.

Sannan 1+2+3+4+5 ya ba da 15, shi ya sa ake sa ta a layin lambobin alwatika, su 1, 3, 6, 10, 15, 21. Mutum shida su haɗu a zaure kowa ya yi musabaha da kowa sau ɗaya, musabaha 15 aka yi. Ƙungiyar ƙwallo shida kowacce ta kara da kowacce sau ɗaya, wasa 15. Wannan duk ƙananan abubuwa ne, mu wuce inda naman yake.

Hatimin musallasi

Duk wanda ya taɓa leƙa kundin wani malamin zaure, ko ya ga allon da aka rubuta za a wanke, ya san wannan zanen mai gida tara:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Tara kowane layi a kwance 15, a tsaye 15, daga kusurwa zuwa kusurwa 15. Wasu na kiransa hatimin Gazali, wasu su ce buduhu, saboda in ka karanta kusurwoyin daga dama zuwa hagu za ka samu 2, 4, 6, 8, waɗanda a lissafin abajada su ne ba, dal, wau da ha. Tun kafin wani ya taso min a kan maganar halacci ko haramcin hatimi, wannan fagen malamai ne kuma sun daɗe suna saɓani a kai, ni hisabin da ke ciki kawai nake dubawa.

Tambayar ita ce wa ya zaɓi 15? Amsa, ba kowa. Tara 1 zuwa 9 za ka samu 45, layi uku ne kuma dole su yi daidai da juna, 45 raba uku 15, magana ta ƙare, ko Basine ne ya zana ko Bakatsine ba shi da wata lambar da zai iya samu. Kuma ba jimillar ce kaɗai ta zama dole ba, har mazaunin kowace lamba. Zauna ka nemo duk hanyoyin da lambobi uku daban-daban daga 1 zuwa 9 za su ba da 15, guda takwas ne cif: 1+5+9, 1+6+8, 2+4+9, 2+5+8, 2+6+7, 3+4+8, 3+5+7, 4+5+6. Hatimin kuma layuka takwas gare shi, uku kwance, uku tsaye, biyu karkace, kenan kowace hanya sai an yi amfani da ita ba ragi. Yanzu ƙirga sau nawa kowace lamba ta fito. 5 ta fito sau huɗu, kuma gida ɗaya ne tak layi huɗu ke ratsawa, na tsakiya, don haka 5 ba ta da wurin zama sai tsakiya. 2, 4, 6, 8 kowacce sau uku, gidajen da layi uku ke ratsawa kuwa kusurwoyi ne. 1, 3, 7, 9 sau bibbiyu, su suka rage a gefe. Ka ga buduhun nan da ake wa kallon sirri, lissafi ne ya tura cika zuwa kusurwa, ba yadda za su yi su zauna wani waje.

Akwai hanya 362,880 da za ka iya jera lambobi tara a gida tara, takwas ne kawai suke ba da hatimi, kuma takwas ɗin nan abu ɗaya ne aka jujjuya shi ko aka kalla ta madubi. Musallasi ɗaya ne a duniya. Mai gida huɗu, biyu sau biyu, babu shi sam. Amma da ka hau mai gida 16 wanda layinsa ke ba da 34 sai ka tarar da iri 880, wani Bafaranshe Frénicle de Bessy ya lissafo su aka buga a 1693, mai gida 25 kuwa da layinsa ke ba da 65 sai da kwamfuta ta shigo, Richard Schroeppel ya ƙirga a 1973 ya samu 275,305,224. Daga ɗaya zuwa 880 zuwa miliyan ɗari biyu da saba'in da biyar, kai abin ba dama.

Wannan ne ma ya sa ƙa'idar da masu zuba hatimi suke bi take aiki, waccan ta cire 12 ka raba uku. Misali kana son musallasin da kowane layi zai ba da 66, adadin sunan Allah a abajada. 66 a cire 12 saura 54, raba uku 18, to daga 18 za ka fara zubawa a gidan da 1 take, ka bi gidajen bi da bi har 26, sai 22 ta faɗo tsakiya. Me ya sa 12? Saboda in ka fara daga 1 layi na ba da 15, duk ɗayan da ka ƙara wa mafarin kuwa layi na ƙaruwa da uku, kenan jimilla kullum mafari sau uku ce a ƙara 12. Sha biyar ɗin ce dai a ɓoye, an cire mata uku. Shi ya sa kuma in adadin bai rabu uku ba sai an yi ƴan dabaru wajen zubi, don musallasi na gaskiya jimillarsa dole ta zama gidan tsakiya sau uku.

Masu ilimin haruffa sun lura cewa Adam a abajada 45 ne, Hawwa kuma 15, wato jimillar hatimin gaba ɗaya da ta layi ɗaya. Abin na da daɗin ji, ba musu, amma a wajena dacewa ce kawai, don Sinawa sun riga kowa sanin wannan zanen, suna kiransa Lo Shu, da tatsuniyarsu ta kunkurun da ya fito daga kogin Lo da ɗige-ɗige a bayansa, kuma su ba su san abajada ba. Daga baya ne ya bayyana a rubuce-rubucen Larabci, Ikhwanus Safa na Basra a ƙarni na 10 sun kawo hatimai daga mai layi uku har mai layi tara. Mu ma muna da namu a wannan fagen, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, mutumin Katsina, wanda ya tafi aikin hajji ya zarce Alƙahira, ya yi rubutu a 1732 kan yadda ake gina hatimai masu layin mara, ya rasu can a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar ɗin nan Abdurrahman al-Jabarti. Abin takaici ɗalibanmu na lissafi da yawa sun gama digiri ba su taɓa jin sunansa a aji ba.

Ga wani wasa da za ka iya yi wa abokinka wayo da shi. Ku rubuta 1 zuwa 9, kowa na ɗaukar lamba ɗaya bi da bi, wanda ya fara samun uku da suka ba da 15 ya ci. Shi zai ta fama da lissafi a ka, kai kuwa ka zana hatimin a tafin hannu, don wasan X da O ne kawai kuke yi bai sani ba. Fara da 5.

Ɗaya huɗu a jere

A lissafin kwamfuta na sifili da ɗaya, 15 ana rubuta ta 1111, wato 8+4+2+1. Ita ce lamba mafi girma da gurbi huɗu za su iya ɗauka, ka ƙara ɗaya sai ta koma 10000. Ma'ana 15 ita ce 2 sau 2 sau 2 sau 2 a cire ɗaya. Lambobin wannan dangi su ne 3, 7, 15, 31, 63, 127, kuma mutum zai fara murna ya ce ai duk firam ne tunda 3 da 7 firam ne, sai 15 ta zo ta ɓata lissafin. Ita ce ta farko da ta rabu. Dalilin shi ne adadin 2 ɗin da aka ninka, wato huɗu, shi kansa yana rabuwa, 16 murabba'in 4 ce, wato 4 sau 4, kuma duk murabba'in da aka cire wa ɗaya yana tsagewa biyu, lambar ƙasa da ta sama, 3 da 5.

Su kuma 3 da 5 ba ƙananan ƴaƴa ba ne. Su ne na farko a firam ɗin Fermat, wato firam ɗin da in ka cire musu ɗaya sai ka samu 2 ko 2 da ta yi ta ninka kanta, 3, 5, 17, 257, 65537, guda biyar ɗin da aka sani har yau. Ninka su a jere ka gani: 15, sai 255, sai 65,535, sai 4,294,967,295, duk wanda ya taɓa saita adireshin intanet ko haɗa kala a kwamfuta ya san 255. To wannan nasabar ce ta sa ake iya zana siffa mai gefe 15 daidai wa daida da rula da kamfas kaɗai, abin da ba ya yiwuwa ga mai gefe 7 ko 9 ko da mutum zai shekara yana gwadawa. Yuklid na Iskandariya ya nuna yadda ake yi wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ita ce mas'ala ta 16 kuma ta ƙarshe a kashi na huɗu na littafinsa. Dabarar ba wuya, a cikin da'ira ɗaya ka zana alwatika da siffa mai gefe biyar su tashi daga ɗigo ɗaya, kusurwar alwatika ta gaba tana faɗowa a digiri 120 na zagayen da'irar, ta mai biyar a 72, tsakaninsu 48, raba shi biyu ka samu 24, kuma 24 sau 15 shi ne 360. Sai bayan shekara sama da dubu biyu masanin lissafi Bajamushe Gauss ya gano ainihin ƙa'idar, bayan ya nuna a 1796 cewa ana iya zana mai gefe 17, Bafaranshe Wantzel ya ƙarasa hujjar a 1837.

Tunda an zo kan 360, juya rabon: 360 raba 24 ya ba da 15, duniya na juya digiri 15 duk awa, minti huɗu kowane digiri. Agogon Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi a kan layin digiri 15 gabas aka ɗora shi, wanda ya bi ta daf da Injamena, shi ya sa muke gaban Gana da awa ɗaya. Tsakanin Maiduguri da Sakkwato kuwa kusan digiri takwas ne, shi ya sa ɗan Maiduguri yake riga Basakkwace shan ruwa da wajen rabin awa duk da agogonsu ɗaya.

Yadda ta kama Ramanujan

Masanin lissafi Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowace lamba ana iya rubuta ta a matsayin murabba'i huɗu ko ƙasa da haka a haɗe. Yawanci uku sun isa, amma 7 da 15 da 23, duk wadda in an raba ta takwas saura bakwai, sai ta cinye huɗun: 15 ita ce 9+4+1+1, ba gajeriyar hanya.

Wajen 1916 Srinivasa Ramanujan, haziƙin nan na Indiya da ke Kambirij a lokacin, ya faɗaɗa tambayar. Ya ce to in aka ninka murabba'an da wasu lambobi fa, kamar x² + y² + 2z² + 3w², waɗanne haɗi ne za su iya fitar da kowace lamba? Ya kawo jerin guda 55. A 1927 Leonard Dickson na Amurka ya nuna cewa 54 ne, ɗaya ya shigo ba bisa ƙa'ida ba, shi ne x² + 2y² + 5z² + 5w². Kuma lambar da ya kasa fitarwa guda ɗaya ce tak a duk lambobin duniya. 15.

Kana iya gwadawa da biro yanzu. Ɓangaren biyar-biyar ɗin zai iya ba da 0, ko 5, ko 10, ba zai ba da 15 ba saboda murabba'i biyu ba sa haɗuwa su ba da 3. Kenan x² + 2y² dole ya ba da 15 ko 10 ko 5. Shi 2y² ɗin 0 ne ko 2 ko 8. Cire su daga 15 ka samu 15, 13, 7, ba murabba'i ko ɗaya. Daga 10 ka samu 10, 8, 2, babu. Daga 5 ka samu 5 da 3, nan ma babu. Duk ƙofa a rufe. Alhali 14 ta fita lafiya, 9+5, 16 ma murabba'i ce da kanta, ka je miliyan ma za ta fita.

Abin bai tsaya nan ba. A 1993 John Conway da ɗalibinsa William Schneeberger suka gano cewa irin wannan tsarin na murabba'ai, in har ya iya fitar da lambobi daga 1 zuwa 15, to zai fitar da kowace lamba har abada, ba sai an ci gaba da gwaji ba. Sunan ƙa'idar ma kenan, ƙa'idar 15. Ba su buga hujjarsu ba, sai Manjul Bhargava ya kawo wata gajeriya a 2000, shi ne wanda daga baya ya karɓi kyautar Fields, babbar lambar yabo ta masana lissafi, a 2014. A gaskiya ma lambobi tara kawai za ka duba, 1, 2, 3, 5, 6, 7, 10, 14, 15, kuma ba za ka iya sauke 15 daga jerin ba, shaida kuwa ga haɗin Ramanujan can da ya tsallake duk takwas ɗin farko ya faɗi a na ƙarshe. Ni a duk abin da ake faɗa kan wannan lamba wannan ya fi burge ni, tambaya ce kan lambobi marasa iyaka amma amsarta na ƙarewa kafin ka gama ƙirga yatsun hannu da ƙafa.

Kwamfutar kwantum

Tsarin ɓoye bayanai na RSA, wanda Rivest da Shamir da Adleman suka fito da shi a 1977 kuma har yau ana amfani da shi wajen tsare hulɗa a intanet, ya dogara ne kan abu ɗaya: ninka manyan firam biyu abu ne mai sauƙi, amma a ba ka sakamakon a ce nemo su, nan ake yin ta. A 1994 Peter Shor ya nuna cewa kwamfutar kwantum, wadda ke lissafi da ɗabi'ar ƙwayoyin zarra, za ta iya wannan aikin da sauri. Da aka zo gwaji na zahiri a 2001, masu bincike na IBM a Almaden ta Kalifoniya tare da na jami'ar Stanford suka yi amfani da wani sinadari mai ƙwayoyin zarra bakwai da ke aiki a matsayin kubit, wato gurbin lissafi na kwamfutar kwantum, biyar na fulorin biyu na kabon, suka tsaga 15. Amsa ta fito 3 da 5. Mutane suka yi ta dariya, wai duk wannan kuɗi da na'ura don abin da ɗan firamare ya sani.

Amma ba su da zaɓin da ya fi ta ƙanƙanta. Dabarar Shor ba ta da aiki a kan cika, ko firam, ko firam ɗaya da ta ninka kanta kamar 9, kuma mun riga mun gani a katin shaida cewa 15 ce ta farko da ta tsallake duk wannan. Ga yadda abin ke tafiya. Ɗauki 7, ka riƙa ninkawa da 7 kana rabawa da 15 kana ajiye saura kawai. Farko 7. Sai 49, saura 4. Sai 4 sau 7, 28, saura 13. Sai 13 sau 7, 91, saura 1. Daga nan zai sake komawa 7, kenan zagayen taki huɗu ne. Nemo tsawon zagayen nan shi ne kaɗai aikin da kwantum ke yi, ragowar biro ya isa: rabin huɗu biyu, 7 sau 7 49, cire ɗaya 48, ƙara ɗaya 50. Babbar lambar da ke raba 48 da 15 ita ce 3, mai raba 50 da 15 ita ce 5. An gama.

Sai dai masu sukar gwajin suna da gaskiyarsu, kuma nasabar Fermat ɗin nan ce ta sake dawowa. Tunda 3 ita ce 2+1, 5 kuma 4+1, duk lambar da ka ɗauka a madadin 7, in dai 3 ko 5 ba sa raba ta kuma ba 1 ba ce, zagayenta a kan 15 biyu ne ko huɗu, su kuwa irin waɗannan zagayen su suka fi kwanta wa na'urar da ke ƙirga da bibbiyu, sai da'irar lissafin ta taƙaice ƙwarai. Ta gaba a layi ita ce 21, 3 sau 7, gwada ta da 2 ka gani: 2, 4, 8, 16, 11, 1, zagaye shida, wanda bai zauna daidai a kan bibbiyu ba, kuma sai a 2012 aka ba da rahoton tsaga ta da wannan dabarar, shi ma da rage-rage a tsarin gwajin. Makullin RSA mai bit 2048, wato gurbi 2048 na sifili da ɗaya, da ake amfani da shi yau kuwa lamba ce mai alƙaluma 617.